Dogariya Ta Kwanta

Daren Talata na ji rigima bisa zaure.
Muzurun gidan Barmo ne, mai kunne guda,
da tawa, Dogariya, mai tsaron buhunan gero.
Na yi tsaki na gyara kwanciya.
Faɗan maguna, wa ke tashi ya raba?

Da safe ta shigo tana ɗingishi.
Na duba, ba jini, sai huda biyu a cinya,
kamar tela ya soka allura ya fasa ɗinki.
Na ce ta lashe abinta,
harshenta ai shi ne bokanta.

Kwana uku nono na tsami a ƙoƙo.
Kan kifin da na ɓoye mata, ƙuda ya gada.
Ta laɓe bayan randa tana neman sanyi,
jiki zafi rau, ido ya faɗa,
cinya ta tashi kamar ɗan goruba.
Ɓeraye kuwa labari ya kai musu,
ina jin su da dare suna awon gerona ba mudu.

Barmo ya ce toka da man shanu.
Wata ta ce in jiƙa mata farasitamol.
Na ɓare ƙwayar, na riƙe,
sai na tuna Tabawa, Allah ya ji ƙanta,
ranar da ta tsamo ta daga kwata,
'yar mitsitsiya, ta naɗe ta a gefen mayafi.
Hannuna ya ƙi.

Na sa ta a kwalin taliya, na huda masa hanci,
na tare Napep a Ƙofar Marusa.

A asibitin dabbobi layin raguna na tarar,
ga mai bijimi, ga mai kaji a kwando.
Wani mai akuya ya leƙa kwalina,
ya ce, "Malam, mussa ka kawo?
Layya za ka yi da ita?"
Na bar shi da haƙoransa a waje.

Dakta Murja ba ta yi dariya ba.
Ta sa safar hannu, ta auna zafi, ta aske wurin.
Ta ce, "Haƙorin mage dashe yake yi,
ya shuka ƙwayar cuta, fata ta rufe a kai,
su kuma su yi ta haihuwa cikin duhu.
Me ka ba ta?"
Na faɗi abin da na so in ba ta.
Ta ɗago ta dube ni.
"Da ka ba ta, yau rami kake haƙa.
Abin da ke sauke maka zazzaɓi, ita gubarta ne."

Aka yi mata allura ta yi laƙwas.
Wuƙa ta taɓa, mugunya ta ɓalle,
wari ya kori mai akuya daga taga.
Aka wanke, aka sake wankewa.
Na biya kuɗin da ya kai tiya shida ta gero,
ban taya ba, ni da ke taya ko gishiri.

"Kwana goma," in ji ta, "safe da dare.
Ko ka ga tana tsalle, kada ka tsaya.
Macijin da aka raunata ba a kashe ba
ya fi wanda ke barci."

Ba da maganin nan yaƙi ne.
In naɗe ta a tsohon zane, kai kaɗai a waje,
ta tofar, in tsince, ta yakushe ni,
in wanke da sabulu, mu sake.

Rana ta biyar ta lashi nono.
Ta takwas, da na fito alwalar asuba,
na iske ɓera a kan takalmina,
an ajiye shi tsaf, kamar kuɗin haya.
Duk da haka sai da na cika goman.

Jiya na hangi mai kunne guda a gindin katanga,
ƙafa ɗaya a sama, ba ya ko kallon kaji.
Na daɗe a tsaye ina tuna cinyar Dogariya.
Sai na shiga na ɗauko kwalin,
na yi wa Barmo sallama.